Daga Makuba Zuwa Gwangwanin Fenti

 

Idan kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, kuɗin wake ko na albasa sun zo hannu, maigida yakan tsaya ya dubi bangon gidansa. Damina ta zage shi. Ga biki tafe, ko Salla. Sai yaron da ya dawo daga Yamai ya ce: "Baba, a sayo fenti. Yanzu ruwan toka ake yayi a birni." Ƙanwarsa ta ce a'a, ruwan hoda ya fi kyau. To, kafin ka kwance lalitarka, zauna mu bi tarihin launin bango a ƙasarmu. A cikinsa akwai abin da mai kanti ba zai gaya maka ba.

Mu fara da zamanin kakanni. Gini sana'a ce ta gado. A manyan garuruwa akwai Sarkin Magina, shi ke shugabantar masu sana'ar. Da ƙasa suke gini. Su kwaɓa ta da ciyawa, su dunƙula tubali, su shanya a rana. Rufi kuwa da azara ake yi, wadda ake tsagowa daga giginya, don gara ba ta cika cinta ba. A saman soro su kafa zanko. Su sa indararo, ruwa ya riƙa zuba nesa da bango. An yi gwanaye waɗanda har yau ana faɗin sunansu. Babbansu shi ne Muhammadu Durugu, wanda ake kira Babban Gwani. Shi ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

Amma ginin ƙasa yana da abokin gaba, shi ne ruwa. Saboda haka magina suka nemi maganin ruwa, suka kuwa same shi a bakin ƙofarsu.

Na farko makuba. Ka san ɗorawa. Yara su sha garinta, mata su yi daddawa da kalwarta. Saura ɓawon. Shi ba a yar da shi. A daka shi, a jiƙa shi cikin ruwa, ruwan ya rine ya yi duhu. Da wannan ruwa ake kwaɓa ƙasar shafe, ko kuma a yayyafa shi a bango. In ya bushe sai bangon ya yi tauri, ruwan sama ya riƙa zamewa. Launinsa kuma ya koma ja mai duhu, mai ɗan sheƙi. Mata ma da makuba suke daɓe. Su taru da madaɓai, suna bugu suna waƙa, har tsakar ɗaki ta yi sumul.

Na biyu laso. Shi ya fi makuba ƙarfi, ya kuma fi ta tsada. Abu uku ake haɗawa. Akwai katsi, wato laka da ke kwantawa a gindin karofi bayan an daɗe ana rini. A kwaso ta, a shanya, a ƙona, a daka. Akwai gashin awaki daga majema. Akwai dafara, wadda ake dakawa a jiƙa, ta ba da ruwa mai yauƙi. In an haɗa su, an sami simintin kakanni. Da shi ake shafe rufin soro, da saman katanga, da cikin karofin kansa. Launinsa toka-toka ne.

Dubi wannan da kyau. Marini ya ba magini katsi. Majemi ya ba shi gashi. Manomi ya bar ɗorawa a gonarsa, bai sare ta ba. Bango ɗaya, sana'a huɗu. Abin da nake so ka riƙe kuma shi ne wannan: a wancan zamani, launin bango da maganin bango abu ɗaya ne. Mutum ba ya cewa "ina son ja". Cewa yake "a yi mini makuba", sai ja ya biyo baya. Ruwan tokar nan da yaronka ke cewa ana yayi, laso ya riga shi da ɗaruruwan shekaru.

Sauran launuka kaɗan ne. Akwai farar ƙasa, wadda mata ke shafe cikin ɗaki da ita. Akwai jar ƙasa. Akwai baƙi na gawayi. Akwai shuni na marina. Da yake launi bai da yawa, gwanintar magini a zane take fitowa. Tun shafe yana ɗanye yake aiki da yatsunsa, ya tayar da ƙasa nan, ya kwantar da ita can. Wani ya tsaga zanen da wuƙa. A yi dagi, a yi takobi, a yi allo, a yi wata da tauraro. Yawancin zanen nan za ka same su a wuyan babbar riga da jikin ƙwarya. Rana ce ke ƙarasa aikin. Da hantsi inuwar zanen ta faɗi gefe ɗaya, da la'asar ta koma ɗaya gefen, sai ka ce bangon motsi yake. An fi yin zanen a fuskar zaure, kewaye da ƙofa, don baƙo ya san gidan wa ya zo.

A Nijar, wanda ke son ganin wannan aiki sai ya tafi Damagaram. Garin ya ƙasaita a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Shi ya kewaye Birni da ganuwa. Fatake suna zuwa daga Kano, daga Barno, daga Agadas, har daga Tarabulus. Inda fatauci ya yi ƙarfi, nan gini ke kyau. A unguwar Birni da ta Zango har yanzu akwai gidaje masu zane a fuska. Agadas ma tana da nata salo. Hasumiyar masallacinta ta ƙasa ce zalla, tsawonta mita 27. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya.

To, yaya fenti ya shigo? Ba rana ɗaya ya shigo ba. Sabon launi ya fara shigowa ta hannun mata, a cikin ƙullin bula. A da, shuɗi mai haske a ƙasar Turawa daga wani dutse ake samunsa, wanda ake haƙowa a Afganistan, tsadarsa kamar ta zinariya. Wajen 1828 wani Bafaranshe mai suna Guimet ya gano yadda za a haɗa irin wannan shuɗi a masana'anta. Sai ya yi araha. Daga nan aka sami bular wanki. Da ta iso kasuwanninmu, mata suka ga ba tufafi kaɗai take gyarawa ba. Suka riƙa zuba ta cikin farar ƙasa, ɗakin amarya ya yi shuɗi-shuɗi.

Sai kuma wani abu ya faru can nesa, wanda ya taɓa bangonmu ba mu sani ba. A 1897 wani kamfanin Jamus mai suna BASF ya fara sayar da shunin masana'anta, wanda ba ya bukatar ganyen baba. A hankali shunin kanti da atamfar kanti suka cika kasuwa. Marina suka yi ta mutuwa. A Kano, marinar Ƙofar Mata tana nan, amma karofi da yawa a garuruwa an bar su sun cike. In babu karofi, babu katsi. In babu katsi, babu laso. Ka ga yadda rigar da mutum ya saya ta shafi rufin soronsa.

Turawan Faransa sun kama Damagaram a 1899. Can suka zauna da mulki, kafin su mayar da babban birni Yamai a 1926. Yamai a lokacin ƙauyuka ne a bakin kogin Isa, na Zabarmawa da Arawa da Fulani. Fataken Hausa kuma suka zauna a Zango. Turawa suka zo da siminti da kwano da fentin gwangwani. Suka gina ofisoshi da gidajensu a kan tudu. Daga nan mutane suka fara kallon siminti a matsayin alamar arziki, ginin ƙasa kuma na talaka.

Kada ka ce magina sun tsaya suna kuka. Karɓar sabon abu suka yi da hannu biyu. Lokacin da gyaɗa ke kuɗi, wajen shekarun 1940 zuwa 1960, attajiran Kano da Zariya da Damagaram da Maraɗi suka shiga gasar ƙawata gida. Magini ya shafa siminti a fuskar zaure, ya tsaga zanensa tun bai bushe ba, sa'an nan ya cike da fenti: tsanwa, rawaya, ja, shuɗi. A Zariya har keke da mota da jirgin sama da agogo aka zana a bango, kusa da dagi da takobi. Wanda ya sayi keke, yana so gari ya sani. Wanda ya sauke farali, yana so a ga jirgin da ya kai shi. Haka a ɗakin mata. Jeren ƙore ya koma jeren tasoshi, na tasoshi ya koma na kwanonin langa masu furanni. Don haka in wani dattijo ya ce maka yayi abin yaran yanzu ne, ka yi murmushi kawai, kada ka yi gardama da babba.

A Yamai akwai wuri guda da ya kamata ka gani idan Allah ya kai ka. Shi ne gidan tarihi na ƙasa, wanda mutanen gari ke kira Muze. An buɗe shi a 1959, shekara guda kafin samun ƴancin kai. Bubu Hama, marubuci kuma shugaban majalisar dokoki na wancan lokaci, ya tsaya wa aikin. Wani Bature mai suna Pablo Toucet ya shugabanci gidan da farko. Yau gidan yana ɗauke da sunan Bubu Hama. Mutane da yawa suna zuwa don ganin zaki da dorina, ko ƙasusuwan manyan dabbobin da, ko itacen Tenere da mota ta kayar a 1973. Kai in ka je, ka ɗaga kai ka dubi ɗakunan kansu. An yi musu siffar sorayen Hausa, ga zanko, ga zane. Amma launinsu fari ne fat da shuɗi. Kakanninmu ba su yi soro mai irin wannan launi a waje ba. Siffar ta da ce, launin na zamani ne, kuma sun dace.

Me ya sa suka dace? A ganina dalili biyu ne. Na ɗaya, launi biyu kawai aka sa, ba a yi wa zanen yawa ba. Farin ya zama fili, shuɗin ya bi zane. Ido yana hutawa. Na biyu, ginin zamani ne aka yi wa kamannin gargajiya, kuma akwai masu sabunta fentin. Wannan na biyun shi ne inda mu mutanen karkara muke tuntuɓe.

A shekarun 1960 aka kafa masana'antar siminti a Malbaza, kusa da Ƙonni. A shekarun 1970 kuɗin yuraniyom na Arlit suka shigo, manyan benaye suka tashi a Yamai. Kowa ya so gidansa ya yi kama da na birni. Wanda ba shi da kuɗin bulo sai ya yi dabara: ya gina da ƙasa, ya lulluɓe da siminti, ya shafa fentin mai. Daga nesa ba ka bambanta shi da gidan bulo. Nan ne launi da magani suka raba hanya. Fentin ya ba da kyau, amma bai san ciwon bangon ba.

Bari in yi maka bayani dalla-dalla, don nan ne kuɗinka suke. Bangon ƙasa yana numfashi. Da damina yakan sha danshi daga ƙasa da iska. Rana ta fito, ya fitar da shi. Makuba da farar ƙasa ba sa hana shi wannan numfashi. Siminti kuwa ba ya kama ƙasa da gaske, shi ya sa magina ke kafa ƙusoshi ko tsakuwa a bango don ya sami abin riƙewa. Da zafi da sanyi, ƙasa da siminti ba sa motsi tare. Sai siminti ya tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji masu magana. A nan ruwa ne ƙadangaren. Ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita. Ƙasar ciki ta jiƙe ta yi laushi. Gara ta samu wurin aiki a ɓoye. Kai kana waje kana ganin fenti yana walƙiya. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, sai shafen ya ɓallo gaba ɗaya, wani lokaci har da bangon. Fentin mai ma haka yake yi in an shafa shi kai tsaye a kan ƙasa. Fata yake yi. Danshi ya taru a ƙarƙashinta, ta kumbura, ta saɓule. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Tsohon shafe yana da nasa wahala, kada in ɓoye maka. Sai an riƙa sabunta shi. Amma yana nuna ciwonsa a fili. In ya zaizaye kana gani, ka kwaɓa ƙasa ka gyara kafin ruwa ya sauka. Ruwan sama kuma yanzu ba na wasa ba ne. A 2020 kogin Isa ya yi cikar da ta ci unguwanni a Yamai, gidajen ƙasa masu yawa suka faɗi. A watan Satumba na 2024 ruwa ya rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, wanda ya haura shekara 150 a tsaye. In ginin sarakuna ya faɗi, ɗakin talaka ba abin sakaci ba ne.

Akwai kuma maganar zafi. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan wuce digiri 40. Baƙin abu yana shan rana, farin abu yana mayar da ita. Ka gwada da riga, ka gani. Launi mai duhu da ake yayi, irin toka mai duhu ko shuɗi mai duhu, an fi jin daɗinsa a gidan da ke da na'urar sanyaya ɗaki. Kai da ba ka da ita, in ka shafa shi a bangon da ke kallon yamma, da dare za ka kwana a waje.

Magana ta ƙarshe a kan fentin mai ta fi sauran nauyi, don ta shafi yara. Wasu masana'antu suna sa dalma a cikinsa, musamman mai launin rawaya da ja da ruwan goro, don ya yi haske ya bushe da wuri. Dalma guba ce. In fenti ya tsufa yakan zama gari ya zuba ƙasa. Yaro mai rarrafe ya taɓa, ya kai hannu baki. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa fahimta, kuma ba a gani sai daga baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ɗan kaɗan na dalma da ba ya cutarwa. Amurka ta hana sa ta a fentin gida tun 1978. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga aikinta a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu. Su ba daga fenti suka same ta ba, daga dutsen zinariya ne da ake niƙawa a cikin gida. Amma gubar ɗaya ce.

Yanzu ga abin mamaki. Bayan duk wannan tafiya, wasu masana gini sun juyo gida. A ƙauyen Yama, cikin jihar Tawa, wani magini mai suna Falke Barmu ya fara ginin masallacin Juma'a da ƙasa a 1962. A 1986 ginin ya sami kyautar Aga Khan, wadda ake ba gine-gine masu daraja a ƙasashen Musulmi. A Yamai, a 2016, wata ƴar ƙasa masaniyar zanen gini, Mariam Issoufou Kamara, ita da abokan aikinta sun gina gidaje da suka kira Niamey 2000. Da bulon ƙasa aka yi su, wanda inji ke matsewa. A 2018 kuma aka gama aikin Dandaji, shi ma a jihar Tawa, inda aka gyara tsohon masallacin ƙasa ya zama ɗakin karatu, aka gina sabo kusa da shi da jar ƙasar wurin. Baƙi suna zuwa daga nesa don su ɗauki hoto. A kantunan birni kuwa, cikin launukan da ake nema har da wanda ake kira ruwan ƙasa. Mai gidan bulo yana biyan jikkuna don bangonsa ya yi kama da naka. Kai kuma kana shirin sayar da akuya don naka ya yi kama da nasa.

Ban ce kada ka sayi fenti ba. Ni ma ina son in ga ƙofa tsanwa a jikin jan bango. Abin da nake cewa, ka fara tambayar bangon. In na bulo ne, ko shafen siminti mai lafiya wanda ya bushe sarai, fenti zai zauna. In na ƙasa ne, ka bar jikinsa da shafen ƙasa da makuba, ko farar ƙasa. Kana son launi? Akwai garin launi da ake sayarwa, a zuba kaɗan cikin farar ƙasa, kamar yadda iyayenmu mata suka yi da bula. Launin yayi kuwa ka kai shi inda zai daɗe: ƙofa, taga, da bakin zaure. Ƙaramin gwangwani ya isa. In yayin ya wuce baɗi, canza launin ƙofa ba ya cin rumbu. A cikin ɗakin da yara ke kwana, fentin ruwa ya fi, don shi ba a cika samun dalma a cikinsa ba. In kuma akwai tsohon zane a fuskar gidanku, kada ka bari a shafe shi da siminti don a sami wuri sumul. Ka nemi tsohon maginin garinku, ka tura yaro ya riƙa miƙa masa ƙasa.

A kasuwar Katako ta Yamai, da kasuwannin Maraɗi da Damagaram, gwangwanaye suna nan jere, kowanne da rubutu a jikinsa. Yawanci da Faransanci ne, amma baƙaƙen su ne waɗanda ka koya. Kalma uku za ka nema. In ka ga eau, ruwa ke nan. In ka ga huile, mai ke nan. Dalma kuwa ita ce plomb, in an rubuta sans plomb ana nufin babu dalma. Ka kwafe su a littafinka yau. In akwai tsohon gwangwani a gida, ka zo da shi aji, ku karanta shi tare da malaminku.